Tsiron da Ba a Saye

Maris a Galisiya, ruwa kwana tara bai ɗauke ba.
Na kifa takardar kuɗin lantarki a kan teburin kaka,
na ja layi da guntun fensir:
ga katangar dutse, ga rijiya, ga ɓauren da ya tsage,
ga inda Herminia ke durƙusawa
har gwiwoyinta suka yi wa ƙasa gurbi.

Mayya, in ji ƙauye. Da rana ke nan.
Da dare sai ƙwanƙwasa ta ƙofar baya:
mai ɗa da ƙabar ciki, mai saniyar da nononta ya ƙafe,
mai mijin da teku ta riƙe kwana goma.
Su karɓi ƙullin ganye, su bar ƙwai uku a dokin ƙofa,
ran Lahadi a bencin coci su ja jiki
sai ka ce rigarta ƙaya gare ta.

Ni a kantin magani nake aiki, can Lugo,
na san kowace ƙwaya da nauyinta.
Amma ga ni da littafinta mai warin hayaƙi,
ina bin rubutu kamar sawun kaza a taɓo.

Romeu a bakin ƙofa, ta ce, mugun ido ya yi tuntuɓe.
Fiuncho can gefe, ba ya shiri da maƙwabci.
Na'ana'a a tsohuwar tukunya,
in ba haka ba ta cinye gonar, ta tambayi ta gaba.
Sai furen San Xoán, mai ruwan ƙwai,
wanda in an murza yake jini a yatsa.
Shi ne na gajeren daren Yuni:
ganye bakwai, ruwan marmaro bakwai,
kwano ya kwana a waje raɓa ta sa baki,
da asuba a wanke fuska.

Can ƙurya ta zana fure mai siffar ƙararrawa,
ta ja masa layi biyu: ba na yara ba ne.
Wannan na san shi.
Yana tada zuciya, yana kuma tsai da ita.
Na rubuta: a kewaye da waya.
Na soke. Na sake rubutawa.

Tsakiyar takardata ce ta rage fili.
Ruda. Shafinta a yage yake.

Da ruwa ya tsagaita na fita da igiya da turaku.
Eladio ya jingina da katanga, shekara tamanin da ɗaya,
ɗan matar da ta fi kowa tofar da yawu in kaka ta gifta.
Ya daɗe yana kallon igiyata.
"Kin sa ta inda ruwa ke kwanciya.
Ruda ba ta son jiƙa ƙafa."
Na ce zan sayo ta a kasuwar Talata.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Wa ya ce miki ana sayen ruda?
Wadda aka biya wa kuɗi bushewa take.
Sai ta sata ke kama ƙasa."

Shiru. Katantanwa na hawa dutse a tsakaninmu.

"Shekarar da barci ya guje wa matata
na haura nan, na ɓalle reshe guda.
Kakarki na tsaye a taga.
Labule kawai ta ja.
Tana nan bayan rumbuna, ta kai mini ƙugu.
Yau da dare zan ɗaure kare.
Ni dai ban ce miki komai ba."

Na koma ciki da rabin gonar a takalmina.
A tsakiyar takardar na yi ɗan da'ira,
na matsar da ita sama, wajen tudu,
ban rubuta mata suna ba.
Na lalubo almakashin kaka a aljihun tebur,
na sa wa tocila sabon batir,
na zauna a taga, bayan labulen nan,
ina jiran fitilarsa ta mutu.